Tsibiran Kan Tudu

A littafin labarin ƙasa an ce tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, har ba a shigarta sai a jirgi. Yaron da aka haifa a Birnin Kudu ko a Gwaram yana iya haddace wannan, ya ba malaminsa amsa daidai, ko da yake bai taɓa ganin teku ba, tsakaninsa da ita kuwa ɗaruruwan mil ne. Amma in ya fita bayan gari da damina, ya hau bisa wani dutse ya duba, sai ya ga abin da littafin yake nufi. Gero da dawa sun lulluɓe ƙasa shar har iyakar ganinsa, iska tana kaɗa su suna kwantawa suna tashi kamar raƙuman ruwa, ga duwatsu sun ɓullo daga cikinsu jefi-jefi, kowanne yana tsaye shi kaɗai. Jamusawa masu binciken ƙasa da suka ga irin waɗannan duwatsu a Afirka sun sa musu suna da harshensu, ma'anar sunan kuwa ita ce dutsen tsibiri. Har yau da shi masana suke kiransu.

Birnin Kudu tana kudu maso gabashin Kano, mil 80 da 'yan kai. Gwaram tana gaba da ita, a bakin iyakar Jihar Bauchi. Dā can duka biyun ƙasar Kano ce, sai ran 27 ga watan Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa, suka faɗa cikinta, aka mai da Dutse babban birninta. Daga jigawa, watau tudun rairayi, jihar ta sami sunanta, gama haka yawancin ƙasarta ta arewa take, mutum ya yi doguwar tafiya bai sami dutsen da zai jefi kare ba. Kudancin jihar ya saɓa da wannan. A nan ruwan sama ya fi yawa, itatuwa sun fi tsawo, ƙasa ta fi ƙarfi, dutse kuwa sai wanda ka zaɓa.

A cikin ƙasa aka yi waɗannan duwatsu. Tun shekaru miliyoyi da suka shige, narkakken dutse mai zafi kamar ƙarfen maƙera ya taso daga can ƙarƙashi, ya tsaya bai kai waje ba, ya huce sannu a hankali har ya daskare. Saboda jinkirin hucewarsa ne ƙwayoyinsa suka yi manya. In kun ɗauki ɓarɓashinsa kun duba da kyau, za ku ga fari da ja-ja da baƙi mai walƙiya a gauraye. Sa'an nan ruwan sama da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ke bisansa, shekara bisa shekara, mai taushi ta tafi, mai tauri ya ragu a tsaye. Masana suna lissafa duwatsun Birnin Kudu, da na Fagam a ƙasar Gwaram, da na Dutse, cikin dangi ɗaya da na Jos, waɗanda ake samun kuza a jikinsu. Da nauyin ƙasa ya sauka daga kan dutsen, zafin rana da sanyin dare da ruwa kuma suka taru a kansa, sai ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Manyan ɓangarori suka gangaro, waɗansu suka hau kan waɗansu. Ta haka aka sami kogwanni da rumfunan dutse inda mutum zai fake wa ruwa.

Abin da ya sa sunan tsibiri ya dace da su ya wuce kamanni. Garma ba ta hawa dutse. Da mutane suka yawaita, suka share daji suka mai da shi gona, sai duk abin da ba shi da mazauni a gona ya fake a jikin dutse, kamar yadda kaji sukan haye kan danga in ruwa ya ci gida. Saboda haka wanda yake so ya ga yadda ƙasar take kafin a nome ta, can zai je ya gani. Akwai hano, mai ɓawo kamar tsohuwar takarda, wanda ake turare da ƙaronsa. Akwai kariya, guntuwa mai kumburarren gindi, wadda takan yi kyakkyawan fure a tsakiyar rani sa'ad da ba ta da ganye ko ɗaya; ruwanta fa dafi ne, ba a wasa da shi. Akwai kuma dangin ɓaure, waɗanda sukan kafa saiwa cikin tsagar da ko wuƙa ba ta shiga, su yi ta turawa shekara da shekaru har su buɗa ta.

Da hantsi, in rana ta fara ɗumama falalen dutse, agwada takan fito shan rana. 'Yar dabba ce kamar zomo, sai dai kunnenta gajere ne, wutsiya kuwa kusan babu. Tafin ƙafarta yana da taushi da danshi, shi ya sa takan hau inda akuya ma ba ta iyawa. Ɗaya takan tsaya gadi, da ta hango shaho ko mutum sai ta yi ƙara, kafin ƙiftawar ido duk sun shige tsaga. Masana dabbobi sun ce, cikin dabbobin da ke raye a yau, giwa tana cikin danginta na kusa. Wanda ya ji wannan karo na fari yakan yi dariya, amma haƙoranta da faratanta sun ba da shaida. Farauta ta rage agwada ƙwarai, ta rage kazar dutse da zabin daji, yanzu sai mai haƙuri da sammako ne yake ganinsu. Kiski kam yana nan bisa kowane dutse yana gyaɗa jan kansa, hasbiya tana kuka a tsaga, jemagu suna rataye cikin duhun kogo. Akwai kuma waɗanda ba a marmarin gamuwa da su. Sunan Dutsen Mesa kaɗai ya isa gargaɗi.

Akwai wani yaro ɗan aji biyar a Birnin Kudu wanda kakansa ya saba ɗaukarsa zuwa dutse ran da babu makaranta. Tsohon bai yi boko ba, amma yana da ƙa'idodinsa, ba ya kuwa sassauta ko ɗaya. Ba a fita sai da takalmi da sanda da goran ruwa. Ba a sa hannu cikin ramin da ido bai ga ƙarshensa ba. In za a ɗaga dutse, a ɗago shi ta gefen da ke nesa, ya zama shi ne garkuwa tsakanin mutum da kunamar da ke ƙarƙashi. Ba a hawa bayan ruwan sama, gama jiƙaƙƙen dutse ya fi kuɓewa santsi. In yaron ya ruga gaba don ya riga shi kaiwa bisa, sai tsohon ya ce, "Sannu dai, aboki. Hawa kowa ya iya. Ka tanadi ƙafarka saboda sauka."

In sun kai bisa sukan zauna su huta, iska tana bugunsu. Daga nan ana hango rugagen Fulani, da hanyar mota kamar zare, da ƙauyuka kowanne da kukokinsa. Cikin ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Ningi suke kawo hari kudancin ƙasar Kano, Birnin Kudu da Gwaram suna bakin daga, mai tsaye a irin wannan wuri kuwa shi ne zai fara ganin ƙurar dawaki. Yanzu ƙurar babura ake gani. Wajen gangarowa akwai inda falalen ya yi sumul yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Wurin zamiya ke nan. Yara sukan zauna bisa damin ganye ko wani ɗan faffaɗan dutse, su sake jiki, su sulalo har ƙasa suna ihu. Wanduna da yawa sun ƙare a wurin, iyaye mata sun sani. Dutse mai taurin wannan ba ya yin sumul a zamani ɗaya. Kakan yaron ya yi zamiya a nan, ya kuwa tarar da wurin da sheƙinsa.

A cikin duwatsun nan akwai waɗansu masu murya. In ka ɗauki dutse daidai cikin hannu ka bugi yawancinsu, ƙwas kurum za ka ji. Amma akwai ɓangarorin da in an buga sai su yi amo kamar kuge ko ƙararrawa, a ji su daga nesa. Dalili shi ne irin wannan ɓangare ba shi da tsaga a cikinsa, bai kuwa kwanta a ƙasa gaba ɗaya ba, a kan 'yan wurare kaɗan ya dogara. Saboda haka in an buge shi dukan jikinsa yakan yi rawa. Ku gwada da tasa a gida: in kun rataye ta kun buga za ta yi amo, in kun dafe ta da hannu sai ta yi shiru. Kowane gefe na dutsen da irin muryarsa, wani siriri wani kauri, har yara uku ko huɗu suna iya haɗa kiɗa a jikin dutse guda. Wuraren da aka saba bugawa sun lotsa kamar gurabun dara. Ku tuna da taurin dutsen, sa'an nan ku ƙiyasta hannu nawa ne suka yi wannan aiki.

A 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, yana duba kogwannin Birnin Kudu, ya lura da waɗannan duwatsu masu amo. A 1956 ya buga labarinsu. Daga nan masana suka shiga nema, suka sami irinsu a wurare da yawa na Nijeriya, da Uganda, da Sudan, da Indiya, har da Turai. Akan ce a Birnin Kudu aka gano su. Haka ne a wurin masu littafi, amma mutanen gari sun riga Baturen da nisa, gama ya tarar duwatsun suna cikin al'adun bikinsu, amare sukan ziyarci kogon dutse kafin a kai su ɗakin miji.

Abin da ya kawo Baturen tun farko zane ne. A Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, a jikin bango da rufin kogo inda ruwan sama ba ya kaiwa, mutanen dā sun zana dabbobi da jan launi da fari. Yawancinsu shanu ne. Wanda ya shigo daga hasken rana ba ya ganin kome da fari, sai ya ɗan tsaya idonsa ya saba, sa'an nan ƙaho ya bayyana, ƙafafu su biyo, har saniya ta fito sosai.

Ran da tsohon ya fara kai jikansa wurin, ya bar shi ya duba har ya ƙoshi, kana ya ce, "Me ka gani, aboki?"

Yaro ya ce, "Shanu, Kaka."

"Shanun wa?"

"Na Fulani mana. Wa ke da shanu in ba su ba?"

Tsoho ya yi murmushi, ya nuna da bakin sandarsa daga nesa, bai taɓa dutsen ba, ya ce, "To, ina tozonsu?"

Yaro ya sake dubawa, ya bi su ɗaya ɗaya. Bayan kowace a miƙe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Ya ce, "Ko mai zanen ne ya manta?"

Tsoho ya ce, "Mutumin da bai manta da lanƙwasar ƙaho ba, ya manta da tozo? Abin da ya gani shi ya zana."

Maganar tsohon ta yi daidai da ta masana. Shanun da kuka sani, farare Bunaji, da jajaye Rahaji, da Gudalin Sakkwato, duk masu tozo ne, asalin masu tozo kuwa daga wajen ƙasar Indiya yake. Ta gabashin Afirka suka shigo, suka bazu yamma daga baya. Kafin zuwansu shanun Afirka ba su da tozo. Akwai masu dogon ƙaho, akwai masu gajere, an kuwa zana iri biyun a Birnin Kudu. Zuriyar marasa tozo ba ta ƙare ba ƙaf. Muturu yana nan a ƙasashen kurmi, guntu mai jure cizon tsando, ga kuma shanun Kuri masu kumburarren ƙaho a tsibiran Tafkin Chadi. A can cikin Sahara, a duwatsun Tasili na ƙasar Aljeriya, akwai zanen garkunan shanu da aka yi dubban shekaru da suka wuce, tun hamada tana da ciyawa da tafkuna. Kusa da gida kuma, a Geji da Shira cikin Jihar Bauchi, akwai zane a jikin dutse. Watau waɗansu mutane masu kiwo sun zauna a ƙasar nan tun masu tozo ba su game ta ba. Ba su bar littafi ba, ba su bar sunansu ba. Abin da suka bari shi ne surar abin da suka fi ƙauna, a inda suka san ruwa ba zai wanke ba.

Hawan dutse yana kawo yunwa, amma tsohon ba ya ɗaukar guzuri in ban da dunƙulen fura guda. Yakan ce daji yana da kasuwarsa, kowane wata da abin da ake kasawa. Da hunturu magarya ce da kanya, yaro ya cika aljihu yana tafe yana tofar da ƙwallo. Lokacin ne kuma tsamiya take bushewa a bisa, 'ya'yan kuka suna reto, a fasa a tsotsi garinsu mai ɗan tsami. In ruwan fari ya sauka, shinge ya tashi da dare, a tara shi a bakin fitila a soya. Ba da jimawa ba faru ya nuna, da gwandar daji, wadda ƙanshinta yake tona asirin inda take, da kaɗanya, a ci naman a kai wa mata ƙwallon su yi man kaɗe. Tsakiyar damina ganye ne sarki: tafasa, da rama, da yaɗiya, a dafa a matse, a yi kwaɗo da ƙuliƙuli da albasa da ɗan yaji. Da kaka ɗinya ta yi baƙi, ta baƙanta haƙoran duk ɗan makarantar da zai ce bai biya ta gindinta ba. Kowane ɗaya tsohon yakan nuna wa yaron ganyensa da ɓawonsa, gama akwai 'ya'yan itace masu kyaun gani da ba a ci, wanda bai sani ba kuwa ba ya ɗanɗanawa sai ya tambaya.

Akwai itaciya guda da tsohon ba ya bari a taɓa sai da izini, ita ce ɗorawa. Magarya ta kowa ce, amma ɗorawar da ke cikin gona tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gida. Wanda ya san abin da take bayarwa ba zai yi mamaki ba. Wajen ƙarshen rani takan yi fure jajaye, dunƙule-dunƙule suna reto, ƙudan zuma suna kansu da rana, jemagu da dare. Da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, sai 'ya'yanta su nuna. Garin da ke ciki rawaya ne mai zaƙi, a sha shi haka ko a dama. Ɓawon a jiƙa shi a sami makuba, wadda ake shafa wa bango da daɓe su yi ƙarfi. Ƙwayar kuwa, watau kalwa, ita ce uwar daddawa.

Kakar yaron ta wajen uwa sana'arta ke nan, aikin kuwa ba na raggo ba ne. Takan dafa kalwa yini guda cur, har itace ya ƙare a ƙaro, gama tana da taurin tsiya. Sa'an nan a surfa a turmi, a kai a wanke, baƙin ɓawo ya tafi. A sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe, a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Cikin kwanakin nan waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke aikinsu, su tausasa ta, su ba ta warin nan da maƙwabta duka suke shaidawa. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. In yaron ya shigo yana toshe hanci, tsohuwar takan ce, "Toshe da kyau, maigidana. Da dare in an zuba miyar kuka zan ga ko za ka toshe baki." Daddawa ta fi ƙarfin ɗanɗano kurum, abinci ce mai gina jiki, gidan da ba a sa nama a miya kullum ita take tsayawa a madadinsa. Ɗan dunƙulen kanti da ya shigo yana neman ture ta, yawancinsa gishiri ne.

A cikin Bahar Rum, tekun da ke tsakanin Afirka da Turai, akwai wani tsibiri na sosai, sunansa Kirit, na ƙasar Girka. Ƙasa ce ta duwatsu da awaki da dogon rani. Mutanen ƙauyukansa sukan fita su tsinko ganyayen daji, su dafa, su zuba man zaitun da lemun tsami, wannan kuwa kwaɗo ne in ban da suna. Suna da wata itaciya 'yar dangin ɗorawa, mai 'ya'ya dogaye masu zaƙi, suna yin gari da maɗi da su. A 1960 likitoci suka fara auna lafiyar mazan ƙauyukan tsibirin, suka bi su shekaru, suka tarar ciwon zuciya kaɗan ne a cikinsu in an gwada da mutanen Amurka. Yanzu miliyoyin baƙi suke zuwa Kirit kowace shekara, su biya kuɗi su taka duwatsunsa, su biya kuɗi su ci ganyen. Su ma suna da tsohon zanen bijimi, wanda aka samu a bangon wata fada da aka tono, yana gidan tarihi ana tsaronsa kamar ƙwai. A ƙasar Hausa kuwa sau da yawa yaro yakan ɓoye kwanon kwaɗon tafasa in ya ga baƙo, wai abincin talaka ne. Wannan kunya ba ta da tushe.

Wanda ya gaji da dutse sai ya nufi Gwaram, can ruwa ne abin kallo. Kogin Bunga yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya biyo ta Gwaram, in ya gangara a kira shi kogin Jama'are. Can gaba ya gamu da kogin Haɗeja, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Da rani yakan janye ya bar rairayi fari fat da 'yan gurabun ruwa. Mata su tona rairayin kamu ɗaya ko biyu su sami ruwa garau, masu lambu su shuka albasa da tumatir da tattasai a gefe, masunta su shiga gurbi da koma da gora su fito da tarwaɗa da karfasa. Kifin da aka gasa a bakin kogi da gishiri da yaji ba ya bukatar mai talla. Amma a kula da abu biyu. Ruwan da ya kwanta ba ya gudu yakan tara 'yan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, yaron da ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a irin wannan wuri asibiti za a kai shi. Na biyu, da damina kogin yakan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi can nesa a kan tsauni, ko da a Gwaram ba a ga hadari ba. Wurin da yaro ya ƙetare jiya ruwa iya gwiwa, yau yana iya cinye raƙumi.

Kogi yana sabunta kansa kowace damina. Tsibiran dutse ba su da wannan gata, abin da aka ɗebe daga kansu ya tafi ke nan. Gari yana girma, ana bukatar tsakuwa saboda gini da hanya, masu fasa dutse suna aikinsu. Ana bukatar gawayi, gatari ya gama da daji ya fara hawa dutse, har ya fara duban ɗorawa, wadda ba ta cika 'ya'ya sosai sai ta haura shekara 10. Mai ita ya karɓi kuɗin gawayi sau ɗaya, matarsa ta rasa kalwar kowace bazara. Zanen shanu kuma yana cikin abubuwan tarihi da gwamnatin tarayya ta sa a ƙarƙashin tsaron hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, amma babu hukumar da za ta iya ajiye mai gadi a bakin kowane kogo dare da rana. Abokan gabansa ƙanana ne: hayaƙin wutar da aka hura a kogo, da gumin tafin hannu, da ruwan da wani yakan watsa don launi ya fito ya ɗauki hoto da waya, da gawayi ko fentin ɗan makarantar da ya ga ya kamata duniya ta san sunansa. Abin takaici ne a ce wanda ya iya rubutu shi ne zai shafe abin da marasa rubutu suka bari.

Ba za a ce wa mai fasa dutse ya bar sana'arsa ba, da ita yake ci da iyalinsa, dutse kuwa ba ya ƙaranci a ƙasar Kudu. Yawancinsa bebe ne, ba zane a jikinsa, ba murya a cikinsa, a fasa shi ba a yi asarar kome ba. Masu murya kaɗan ne, da tsaga ta shiga jikin ɗayansu kuwa amonsa ya mutu, kamar fasasshiyar ƙararrawa, babu maƙerin da zai gyara. Rarrabe su ba shi da wuya. Kafin a ɗora guduma, a ɗauki ɗan dutse daidai cikin hannu, a buga gefe biyu ko uku, a kasa kunne. In ya ce ƙwas, tsakuwa ce. In ya amsa, a sunkuya a duba gefensa da kyau, sau da yawa za a ga gurabun da waɗansu hannuwa suka riga suka lotsa.